Daga Bebeji zuwa Riruwai: me mai barin gida ke zubawa a jaka?

A kowane aji na babbar sakandare ba a rasa waɗanda suka riga suka yanke wa kansu shawarar cewa ƙasar waje za su. Wani Ingila yake hange, wata Masar ko Indiya don karatun likita, wani kuma ko'ina ne ma, in dai jirgi zai ɗaga da shi. Ba laifi ba ne. Amma in ka tambaye su me za su ɗauka, me kuma suke tsammanin tararwa, sai ka ji amsar ba ta wuce sabuwar waya da rigar sanyi ba. Shi ya sa na ga ya dace, ƙannena, mu bi hanyar kudancin Kano tare, daga Bebeji mu ratsa Kiru da Tudun Wada har Doguwa. Wannan yanki ya ga Turawan Ingila da suka baro ƙasarsu da akwatuna, kuma abin da suka zuba a ciki da abin da suka rasa duk a rubuce yake. Su daga sanyi suka shigo zafi, ku daga zafi za ku shiga sanyi, amma matsalar ɗaure kayan ɗaya ce.

Bebeji tafiyar kamar awa guda ce daga Kano ta titin Zariya. Yau babban titin ya ɗan kauce wa tsohon garin, motoci na wucewa a guje, amma a da babban zango ne ga ayarin da ya taso daga Zazzau zai shiga Kano. A nan Kyaftin Hugh Clapperton, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdullahi, ya yada zango a watan Yulin 1826 tare da yaronsa Richard Lander, wanda aka laƙaba wa Nasara Ƙarami. Clapperton ya ƙiyasta mutanen garin tsakanin 20,000 da 25,000, ya ce harkarsu kasuwanci ce, kuma da yawansu asalinsu daga Barno suke. Ke nan tun a lokacin Bebeji gari ne na waɗanda suka baro wani gida suka kafa sabo.

Kayansa ba kaɗan ba ne: bindigogi, na'urorin auna hanya, tufafi, da tsarabar da Sarkin Ingila ya aiko wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin tsarabar akwai littattafan Larabci, har da na lissafin Iƙlidis, mutumin da ƙa'idojinsa na kusurwa da da'ira ke ba ku ciwon kai a aji yanzu. Da aka miƙa masa, Sarkin Musulmi ya yi murna, ya ce dama gidansu na da kwafin littafin da aka kawo daga Makka, gobara ce ta cinye shi. Ina son wannan labari. Baƙo ya taso daga wata uwa duniya da littafin lissafi, ya tarar mai masaukinsa ya riga ya san shi.

Abin da babu a cikin akwatunan ne ya yi musu illa. A watan Disambar 1825 suka tashi daga Badagry, kafin watan ya ƙare zazzaɓi ya kashe abokan tafiyarsa biyu, Kyaftin Pearce da Dakta Morrison, wato har da likita. Shi kansa Clapperton bai koma gida ba, a Sakkwato ya mutu a watan Afrilun 1827 bayan doguwar jinya, Lander ne ya koma da takardunsa. Maganin kwinin yana nan tun 1820, amma sai zazzaɓi ya kayar da mutum ake ba shi, kuma ba wanda ya tabbatar da cewa sauro ke yaɗa cutar sai a 1897. A 1841 Ingila ta turo jiragen ruwa uku Kogin Kwara da Turawa 145, zazzaɓi ya kashe sama da 40 cikin 'yan watanni. Bayan shekara 13 Dakta William Baikie ya shigo Kwara da Binuwai da jirgi ɗaya, ya sa kowane Bature shan kwinin kullum tun kafin ya ji komai a jikinsa. Suka yi watanni a kan kogi, suka fita ba wanda ya mutu. Kwalbar da ba ta fi tafin hannu ba ta fi bindigogi da tantuna amfani. Baikie ya zauna a Lakwaja, ya koyi Hausa, har ya zo Kano a 1862.

Ku ma akwai ƙananan abubuwa irin wannan kwalbar da ke jiranku. Akwai katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa, wanda ake tambaya a iyakokin ƙasashe da dama. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, sai dai a adana katin. Wanda zai zauna Ingila fiye da wata shida sai ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi kafin ya nemi biza. Mai cutar sikila ya sani sanyi na tayar da ita, don haka ya tafi da takardar likitansa mai bayanin jininsa da magungunan da yake sha. Abin da mutane ba su cika sani ba kuma shi ne, wanda ya yi shekaru inda babu maleriya jikinsa kan rasa sabon da ya yi da ita. Ranar da ya dawo hutu Bebeji shi ne Baturen, sai ya nemi maganin kariya da gidan sauro.

Ba duk Baturen da ya bi ta Bebeji ne ya zo da tsaraba ba. A farkon Fabrairun 1903 rundunar Kanar Morland da ta taso daga Zariya ta iso garin, mutane suka rufe ƙofa, aka harba mata igwa, sarkin garin na cikin waɗanda suka rasu. Ranar 3 ga watan aka ci Kano. Waɗannan ba baƙi ba ne, kuma ban kawo su don a yi koyi da su ba. Na ambace su ne saboda abin da ya biyo baya: dubban mutane suka ɗaure kaya suka bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas, kuma bayan yaƙin Burmi a Yulin shekarar, waɗanda suka tsira suka ci gaba har Sudan, inda ɗansa Muhammadu Bello ya kafa garin Mai Wurno a gaɓar Nilu. Daga baya alhazan ƙafa da yawa suka same su, mutanen da suka bar gida da niyyar su je Makka su dawo, aikin gonar auduga a Jazira ya riƙe su har suka tsufa a can. Jikokinsu na can yau suna Hausa.

Wanda ke da lokaci, kafin ya bar ƙasar Bebeji ya ratse Tiga ya ga madatsar ruwan da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga nan sai a koma titi a nufi Kwanar Dangora da Kafin Maiyaƙi a ƙasar Kiru, yankin da motocin Jos ke barin titin Zariya su kama hanyar Tudun Wada. A bakin titin nan za ka ga yadda Bahaushe ke loda mota: buhun masara a but, damin rake a sama, kaji a ƙarƙashin kujera, kwandasta na rantsuwa cewa har yanzu akwai wuri.

Jami'in mulkin mallaka da aka turo Arewa shi ma ba a bar shi a baya ba wajen kaya. Kafin ya hau jirgin ruwa a Liverpool, tafiyar kusan mako biyu zuwa Ikko, sai ya tanadi adakar ƙarfe wadda gara ba ta ci, gado mai naɗewa, gidan sauro, tukunyar tace ruwa, bahon wanka, fitila, hular kwano ta kare rana, kwinin, da akwatunan abincin gwangwani. Matar wani Razdan, Constance Larymore, ta fitar da littafi a 1908 wanda ɓangarensa na biyu shawara ce zalla ga matan Ingila masu zuwa nan: abin da za a sa, yadda ake zaman zango, har da kiwon kaji da shuka lambu. In Di'o ya fita rangadi duk wannan kaya a kan mutane yake tafiya daga wannan bariki zuwa wancan, kowane ɗan dako da kimanin kilo 27, kuma sau da yawa ba da son ransu ba. Kakannin wasunmu na cikinsu. Kai kuwa ba wanda zai ɗaukar maka. Kamfanonin jirgi da yawa jaka biyu suke yarda da ita, kowace kilo 23, abin da ya ɗora sai ka biya.

Baturen ya kawo gwangwaninsa don cikinsa bai saba da tuwo ba. Namu mutanen ma haka, kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji ne ke fara shiga jaka, kuma na yarda da wannan hikima, don ba su da nauyi, suna daɗewa, kuma ranar da kewar gida ta taso miyar kuka magani ce. Daddawa dai a ɗaure ta leda uku, in ba haka ba duk tufafinka sai sun koma miya. Matsalar tana ga abin da iyaye suka fi son cusa wa ɗa: kilishi, dambun nama, man shanu. Dokar Birtaniya ta hana matafiyi shiga da nama ko kayan madara daga ƙasashe irin tamu, a filin jirgi za a ƙwace a zubar. Saudiyya kuma goro ne ba ta yarda da shi ba, duk shekara sai hukumar alhazai ta ja kunne a kai.

Sai al'adarmu ta saƙo. A tasha, in wani ya ce don Allah miƙa wa wane wannan ƙunshin a Tudun Wada, ba ka ko tambayar me ke ciki, kuma ƙin karɓa rashin mutunci ne. A filin jirgi wannan kunyar na iya kai mutum kurkuku. A Disambar 2018 aka kama wata ɗaliba 'yar Kano a Saudiyya saboda jakar ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba, ta yi wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta fito, a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya kisa ne. Ita ba ma karɓar saƙo ta yi ba, to ina ga wanda ya karɓa da hannunsa? Ka ɗaure jakarka da kanka, ka ɗauki hotonta, ka ƙirga 'yan takardun da aka ba ka a wurin awon kaya ka tabbatar sun yi daidai da yawan jakunkunanka.

Akwai abu ɗaya da ba ya shiga akwati amma gwamnatinsu ta tilasta shi: harshe. Jami'in da bai ci jarrabawar Hausa ba, ba a tabbatar masa da aiki. Sun gane mai dogaro da tafinta abin da tafinta ya ga dama yake ji. Ku ma jarrabawa na jiranku. Jami'o'in Ingila da dama na karɓar kiredit ɗin Ingilishi na WAEC, wasu kuma sai an yi musu IELTS, don haka darasin Ingilishin da wasu ke gudu bayan tara kuɗi ne a aljihu. Mai nufin Masar kuma ya sani Larabcin Islamiyya zai fitar da shi a aji, amma na direban tasi a Alƙahira daban ne, sai ya yi watanni kafin kunnensa ya kama.

Tudun Wadan Dankadai garin shinkafa ne, in kaka ta yi buhuna sai sun kusa rufe hanya. Mutanen nan sun san cirani. An gama girbi samari su yi Abuja, Legas ko Fatakwal, damina ta kusa su dawo gona. Jakar ɗan cirani ƙarama ce, don ya san kuɗin mota ɗaya ke tsakaninsa da mahaifiyarsa. Ƙaura zuwa ƙetare ba haka take ba, kuma ko Turawan Ingila da kansu ta ba su wuya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Ostareliya ta buɗe shirin da Baturen Ingila zai biya fam 10 kacal a kai shi can, bisa sharaɗin ya zauna shekara biyu, in ba haka ba ya biya kuɗin jirgin. Sama da mutum miliyan ɗaya suka tafi. Harshe ɗaya, sarauta ɗaya, amma ana ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun koma gida. An nuna musu hotunan rana da bakin teku, da yawa suka tsinci kansu a ɗakunan kwano na tsofaffin barikokin soja, ga kewar dangi.

Hotunan da 'yan uwanmu ke ɗorawa a Instagram da TikTok su ne namu hotunan bakin teku. Ba ƙarya suke yi ba, amma ba wanda ke ɗaukar hoton kansa yana wanke-wanke a gidan abinci da tsakar dare. Ɗalibin digiri a Ingila awa 20 kawai doka ta yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu, kuma wannan ba zai biya kuɗin makaranta ba. Kafin a ba shi biza sai ya nuna kuɗin makaranta da na zama a asusun banki, ya kuma biya harajin kula da lafiya. Tun Janairun 2024 yawancin ɗalibai ba sa iya tafiya da mata ko miji da 'ya'ya. Ga ɗan talaka, ƙofar da ta fi buɗewa ita ce tallafin karatu, kamar na ɗalibai 1,001 da gwamnatin Kano ta sanar a 2023 don digiri na biyu a ƙasashe irin su Indiya da Uganda, kuma masu sakamako mafi daraja aka nema.

Lokaci ma sai ka sake koyon sa. A Disamba rana kan faɗi a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma, azahar da la'asar da magariba su zo a jere kana aji. A Yuni kuma sai bayan 9 na dare take faɗuwa. Waɗanda azumin 2016 ya riska a can sun yi sama da awa 18 ba ci ba sha. A yawancin unguwanni ba za ka ji ladan ta taga ba, waya ce za ta tashe ka asuba. Motoci ta hagu suke bi, kamar yadda ake yi a nan kafin Afrilun 1972, don haka mai tsallaka titi dama zai fara dubawa. Soket ɗinsu dai irin namu ne mai baki uku, cajarka za ta shiga.

Daga Tudun Wada hanya ta shiga dajin Falgore, wanda direbobi suka fi son ratsawa da rana. Kogin Kano da ke cika Tiga ta nan yake bi. Da ka fita ƙasa ta fara tashi, duwatsu sun bayyana, ka shiga Doguwa, ƙarshen Kano ta kudu, mai iyaka da Kaduna da Bauchi. Iskar nan ta fi ta birni sanyi, kuma ɗan Doguwa kan yi taƙama cewa shi sanyi ba baƙonsa ba ne. Amma hunturunmu da hantsi yake sakin mutum. Na Ingila yini yake yi, da yayyafi, wata da watanni. Riga mai kauri guda ɗaya da za ta fitar da kai daga filin jirgi ta isa, sauran ka saya a can inda aka ɗinka su don wannan yanayin, da takalmin da ruwa ba ya ratsawa. Kaftani da hula, atamfa da mayafi kuwa a tafi da su. Ranar Idi za a neme su.

Riruwai ce hedikwatar Doguwa, a cikin duwatsu. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran nan ke narka kuza su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su kai ta kasuwanni. Ganin irin wannan kuza a hannun 'yan kasuwa ne ya sa Kamfanin Neja ya turo masu bincike a farkon shekarun 1900, abin da ya kai ga buɗe ma'adinan Jos, inda masu haƙa daga Ingila suka yi ta kwarara don neman arziki, kamar yadda mu ke kwarara can yanzu. A Riruwai ma an buɗe babban ramin haƙa a ƙarƙashin ƙasa, amma a shekarun 1980 aikin ya tsaya, kasuwar kuza ta duniya kuma ta rushe a Oktoban 1985. Baƙon da aiki ya kawo, in aikin ya ƙare sai ya naɗe kayansa. Na Ingila suna da fasfo a aljihu da gidan komawa.

Zama a ƙasar wani kan ƙare ba shiri, kuma ba sai mun je nesa neman misali ba. A Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Khartum, ɗaliban Nijeriya, da yawansu 'yan Arewa, da motocin bas aka fitar da su zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a can kafin jirgi ya kwaso su daga Aswan. A irin wannan rana manyan jakunkunan nan biyu ba su da amfani. Ƙaramar jakar goyo ce ke aiki: fasfo, takardar shiga makaranta, sakamakon kowane zangon karatu, ɗan kuɗi a hannu, lambobin waya a rubuce a takarda. A ɗauki hoton kowace takarda a ajiye a imel, a bar kwafi wurin wani a gida. Fasfo kuma ba a ba dillali ko ubangida ya riƙe. Duk wanda ya ce zai kai ka aiki waje amma shi zai ajiye maka fasfo, ka bar shi da aikinsa.

Takardun nan ba a filin jirgi ake fara haɗa su ba, a makarantarku ake farawa, ranar cike fom ɗin WAEC da NECO. Mu mutanen wannan yanki muna da al'adar ɗora sunan gari a ƙarshen suna, sai ka ga Kiru ko Doguwa a wannan takarda, babu a waccan. Muhammad a nan, Mohammed a can, Muhammadu a takardar firamare. Ranar haihuwa kuma wani mai kwamfuta a shagon rajista ya zaɓa maka 1 ga Janairu don ya huta da tambaya. A jami'a na ga waɗanda wannan ya riƙe musu takardu suna ji suna gani. Tun 2021 JAMB ba ta rajista sai da lambar NIN, hukumar shige da fice ma da bayanan NIN take buga fasfo, kuma bambancin suna ko ranar haihuwa na iya tsayar da neman biza ko gurbin karatu. Gyara daga baya rantsuwar kotu ne, da bugawa a jarida, da kuɗi, da jira na watanni. Wanda ke SS2 yanzu ya ɗauko takardar haihuwarsa, da ta gama firamare, da sakamakon JSS3, da takardar NIN, ya jera su a tabarma ya karanta harafi-harafi tare da mahaifinsa ko yayarsa, kafin a buɗe rajistar WAEC ta baɗi.